Ƙuri'ar Bara'u

Cikin su ukun babu wanda ya taɓa taka ƙasar Amurka. Dakta Abdulsalam likita ne a Manchester, gidansa yana Old Trafford. Ubaidullah injiniya ne a Birmingham, yana zaune a Small Heath, a wani layi da ba a samun wurin ajiye mota sai da addu'a. Dalyop kuwa mutumin Jos ne, dattijon coci, yana koyar da tuƙi a Moss Side. Tun suna jami'a a Zariya suke tare, ɗaki ɗaya, risho ɗaya, har Allah ya kwaso su ɗaya bayan ɗaya ya zube a Ingila. Amma zaɓen Amurka ne ya tashi wargaza auren Hafsa, 'yar Abdulsalam, kuma Dalyop ne ya sha wahalar.

Ga yadda abin ya faro. Suna da na huɗu, Bara'u, wanda tun da ya bar Zariya bai tsaya ko'ina ba sai wata jiha mai sanyi a Amurka. A jihar nan aka tashi zaɓen fid da gwani na kujerar majalisa, 'yan takara biyu a jam'iyya ɗaya. Ɗaya tsoho ne mai farin gashi, ya ce a tsagaita wuta a Gaza, amma makaman da Amurka ke ba Isra'ila a ci gaba da bayarwa, sai dai a gindaya sharuɗɗa. Ɗayar mace ce, tsohuwar malamar makaranta, ta ce a daina bayarwa yau, ba gobe ba. Aka haɗa su muhawara a talabijin, aka yanka muhawarar gunduwa-gunduwa, ta faɗo cikin zauren WhatsApp na 'yan ɗakin Zariya.

Abdulsalam ya ce tsohon ne Bara'u zai zaɓa, don shi ne zai iya cin babban zaɓe. In aka tsayar da matar, wanda ya fi su duka muni ne zai lashe kujerar. Ubaidullah ya ce matar ce Bara'u zai zaɓa, ko da daga ita sai shi za su jefa mata ƙuri'a, don mutumin da ke cewa a kashe wuta yana miƙa ashana bai ce komai ba. Shi Bara'u mai ƙuri'ar ba ya cewa uffan, sai dai ya turo ɗan hoton hannu yana addu'a.

Abin haushin shi ne bakinsu ɗaya. Tare suka yi zanga-zanga a Landan, cikin ruwan sama, ƙarƙashin lema ɗaya. In ma rigima za a yi, kowa Dalyop yake kallo: shi da ya je ziyara Urushalima, shi da cocinsu ke yi wa Isra'ila addu'a duk Lahadi, shi da matarsa Celestina ba ta da tashar da ta wuce ta fastocin Amurka. Amma Dalyop ya ga rikicin Jos da idonsa. Ya ɗauki gawar ƙanensa da ta maƙwabcinsu Musulmi a bayan mota ɗaya. Tun daga nan, in aka fara irin wannan magana, sai ya ce Allah ya ji tausayin 'ya'yan kowa, ya tashi ya dafa shayi. Da suka rasa abokin faɗa, sai suka juya wa juna.

Aka yi ta saƙon murya, kowane da tsawon huɗubar Juma'a. Ubaidullah ya kira Abdulsalam ɗan koren Washington. Abdulsalam ya ce Ubaidullah kwandastan mota ne, ihu ya iya, bai taɓa riƙe sitiyari ba. Daga nan Ubaidullah ya fice daga zauren, ya toshe lambar Abdulsalam, ya toshe ta matarsa Saudatu, sannan don kada a biyo masa ta bayan gida ya toshe ta Hafsa. Bikinta kuwa ya ƙarato, har an kama zauren taro an raba anko.

To, a nan gizon yake saƙar. Hafsa 'yar fari ce, Abdulsalam kuwa ya zo Ingila da kunyar gidansu ta 'yar fari ko ƙura bai kaɗe mata ba. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba. "Ke" yake cewa, ko "yarinyar nan". Mutane ma Abban Shifa suke kiransa, da sunan ƙanwarta. Ya taɓa zuwa taron iyaye a makarantarsu ya ce ya zo ne a kan 'yar matarsa, malaman suka yi shekara suna tsammanin mijin uwa ne. Ranar sunanta ya ɗauke ta ya ɗora a cinyar Ubaidullah ya ce, "Ga 'yarka." Ubaidullah kuwa Allah bai ba shi haihuwa ba, sai ya riƙe maganar nan hannu biyu. Shi ya saya mata keke, shi ya raka ta jami'a da akwatuna, shi angonta Nazir ya fara zuwa gaisarwa da ya ga yana sonta. Kowa ya san ranar ɗaurin aure Ubaidullah ne waliyyi, shi zai zauna gaban liman ya ce ya bayar. Uban da ba ya iya faɗar sunan 'ya, ta ina zai ba da aurenta gaban jama'a?

Saudatu ce ta kira Dalyop. Ya same ta a kicin tana soya cincin ɗin biki, idonta ya yi ja, ba kuma hayaƙi ba ne.

"Baban Chloe, ka ga abokanka," ta ce. "Manya da su, da furfura. A kan election ɗin da ko polling station ɗinsa ba su sani ba."

"Maman Shifa, ki kwantar da hankalinki. Ina Likita?"

"Yana falo, yana kallon debate ɗin nan karo na ban san adadi ba. Na ce ya ɗauki mota ya je Birmingham, ya ce shi ba ya negotiating da masu tsattsauran ra'ayi. Na ce to wa zai ba da yarinya? Ya ce Allah zai kawo. In Baffanta Ubaidullah bai zo ba, wallahi ban san da wane ido zan kalli dangin Nazir ba. Ita kuwa ta daina cin abinci."

Dalyop ya taɓa zama a kwamitin sulhu na unguwarsu a Jos, kuma abu ɗaya ya koya a can: ba a kai saƙo da zafinsa. Sai ka tsaya a hanya ka wanke shi, ka shanya, ka goge, sannan ka miƙa. Da wannan ilimi ya shiga falo.

Abdulsalam ya tsayar da bidiyon daidai inda tsohon ɗan takarar ya ɗaga yatsa. "Ka gaya wa mutumin nan," ya ce, "sai ya janye kalmar ɗan kore, without conditions. Kuma ya yarda siyasa lissafi ce, ba kuka ba."

Dalyop ya shiga motarsa ta koyarwa, mai babban allon L a kai da birki biyu a ƙasa, ya hau babbar hanyar M6. Mutum ne da bai taɓa wuce gudun da doka ta ce ba, don haka manyan motoci suka yi ta wuce shi suna masa hon. Kafin ya kai Stafford ya gama wankin. Da ya isa Small Heath, ya zagaya layin har ya gaji kafin ya sami wurin ajiye mota, ya zauna, matar gidan Widad ta kawo masa shayi, ya ce:

"Injiniya, Likita yana gaishe ka. Ya ce kalmar nan ta yi masa ciwo ne don daga bakinka ta fito. Ya ce kai mutum ne mai tausayi, shi ne ma ya sa kake kuka."

Ubaidullah ya ɗan saki fuska, amma ya yi maza ya ɗaure. "Ka gaya masa ni ba na zama da mutumin da ke ƙirga kujeru ana ƙirga gawa. Sai ya fito a group ya ce ya yi kuskure, ya kira Bara'u ya ce ya zaɓi matar nan. Kuma ni ba kwandasta ba ne, chartered engineer ne ni."

A Manchester saƙon ya zama: "Injiniya ya ce ya san ka fi shi iya ƙirga. Ya ce yana so ku koma group tare, ku kira Bara'u tare."

Haka aka yi ta yi. Dalyop ya soke darussan ɗalibansa, Celestina ta fara tambaya ko ya yi sabuwar mata a Birmingham ne. Abokan nasa kuwa abin ya fara yi musu daɗi, don duk abin da suka gani a labaran Amurka sai sun kwaikwaya. Abdulsalam ya ba da sanarwar tsagaita wuta ta wucin gadi don a bar mata su yi maganar lefe. Ubaidullah ya amince a buɗe hanyar jin ƙai, wato Widad za ta iya aika wa Saudatu dubulan da alkaki ta hannun Dalyop, muddin Likita ba zai ci ba. Abdulsalam ya kawo shawarar a raba zauren biki gida biyu da labule, kowa da ɓangarensa da ƙofarsa. Ubaidullah ya ce ya yarda da raba zaure, amma a ɓangaren wa za a ajiye tukunyar farfesu? A kan tukunyar farfesun nan kaɗai Dalyop ya yi sawu biyu.

Wankin dai ya yi aiki, har ya wuce gona da iri. Kowannensu ya tabbata ɗayan ya sauko, kunya ce kawai ta hana shi faɗa. Sai aka shirya babban taro. Ba Manchester ba, ba Birmingham ba, sai wani wurin hutawar matafiya a kan M6, kusa da Stoke, wanda Ubaidullah ya auna a taswira ya ce shi ne tsakiya. Abdulsalam ya ce an cuce shi da 'yan mil, amma saboda zaman lafiya ya haƙura.

Dalyop ne ya ɗauko Likita. Tun a Old Trafford ya yi nadama, don ya manta wanda ke kujerar gefe ma yana da birki a ƙafarsa. Duk lokacin da Abdulsalam ya tuna kalmar ɗan kore sai ya taka, motar ta yi tsalle, na baya su zage su. Da ƙyar Dalyop ya lallaɓa shi ya koma kujerar baya, ya zauna ya harɗe kamar minista.

Suka sami Ubaidullah ya riga su, cikin babbar riga fara ƙal, yana zaune tsakanin direbobin manyan motoci da wasu yara masu cin soyayyen dankali. Aka ɗan yi gardama a kan wanda zai zauna yana kallon ƙofa. Dalyop ya sayo shayi uku a kofin takarda, ya zauna a tsakiya. Kowa ya gyara zama, ya sa fuskar mai shirin yafewa, yana jiran a ba shi haƙuri. Shayi ya huce.

"Dalyop," Abdulsalam ya ce, yana kallon silin, "ka gaya masa ina sauraro."

"Dalyop," Ubaidullah ya ce, yana kallon taga, "ka gaya masa kada ya ji nauyi. Na riga na yafe. Ya faɗa kawai."

"In faɗi me?" in ji Abdulsalam.

"Abin da ka aiko. Cewa ni mai tausayi ne, kai ne ka yi kuskure."

"Ni? Ba kai ka aiko cewa na fi ka iya ƙirga ba?"

Suka juyo tare suka kalli Dalyop. Wannan ne karo na farko da suka haɗu a kan abu ɗaya tun da aka fara rigimar, kuma bai ji daɗinsa ba ko kaɗan. Da ya ga ba mafita, sai ya jawo makaminsa na ƙarshe: ya kira Bara'u ta bidiyo, ya jingina wayar da kwalbar yaji. Tunda a kan ƙuri'arsa ake faɗa, mai ƙuri'a ya raba gardama.

Bara'u ya fito yana goge baki, da alama karin kumallo yake yi. Ya ga fuskoki uku ya washe haƙora. "Kai, 'yan ɗaki! Yau wace rana?"

"Bara'u," Dalyop ya ce, "don girman Allah ka faɗa mana wa za ka zaɓa, mu huta."

Bara'u ya sosa ƙeya. "Wai primary ɗin nan? Ai ni ba na voting. Green card gare ni, ban zama citizen ba tukuna."



"To don me ba ka faɗa ba?" Ubaidullah ya daka masa tsawa, har wani direba ya waiwayo.

"Haba, Injiniya. Shekara nawa ba wanda ya neme ni a cikinku? Da na yi ciwon baya wa ya kira? Sai ga shi kullum na tashi da safe na tarar da saƙonku, Bara'u kaza, Bara'u kaza. Wallahi daɗi nake ji. Ni ko sunan 'yan takarar ban riƙe ba."

Dalyop ya yi ajiyar zuciya. A ransa ya ce shi ke nan, ba ƙuri'a, ba rigima, yanzu za su yi dariya su rungumi juna. Bai san abokansa ba, duk da shekarun nan.

"Amma da kana da ita," Abdulsalam ya matso kusa da wayar, "ai tsohon za ka ba."

"Da yana da ita," in ji Ubaidullah, "da bai zubar da ita a kwata ba."

Kafin Dalyop ya kashe wayar sun miƙe tsaye. Ubaidullah ya tattara babbar rigarsa ya ce ko an ɗaura auren nan a ƙofar gidansa ba zai leƙo ba. Abdulsalam ya ce dama ba a gayyaci kwandasta ba. Aka watse, shayi uku na nan a kan tebur ba wanda ya kurɓa.

Washegari da hantsi Dalyop yana zaune cikin motarsa a ƙofar gida, ya rasa abin da ke masa daɗi, sai aka ƙwanƙwasa gilashi. Hafsa ce. Shi ya koya mata tuƙi a motar nan, don haka ba ta jira izini ba ta buɗe ta zauna a gefe. Ta rame. Lallen da aka fara yi mata na gwaji yana bayan hannunta.

"Uncle, na ji an yi summit," ta ce. Hausarta tana fita da muryar Manchester.

"'Yata, ki ƙara haƙuri. Ana kan tattaunawa."

"Uncle, please. Na san kana gyara messages ɗinsu. Mama ta sani, Anti Widad ta sani, kowa ya sani sai su biyu." Ta murza zoben hannunta. "Ina da nawa saƙon. Amma ka yi mini alkawari ba za ka wanke shi ba."

Ya yi alkawari.

"Ka ce wa Baffa, ina da uba biyu. Ɗaya bai taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni. Na haƙura, an ce al'ada ce, an ce so ne ya yi yawa, kuma ina da wani uban da ke kira. Yanzu shi ma ya yi blocking ɗina saboda wata mata a America da ba ta san ina duniya ba. Ka tambaye shi, ranar Asabar in liman ya ce 'yar wa ce, wa zai amsa?"

Ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi yi wa Dalyop ciwo. Ya hau M6 da saƙon nan a ƙirjinsa. Ya wuce Stoke, hannunsa na ƙaiƙayin wanki. Ya wuce Stafford, ya samo kalmomi masu laushi har kala uku, ya zubar da su. Tsoro yake ji sosai, don bai taɓa kai wa mutum magana tsirara ba, kuma ya san abin da magana tsirara ta yi a garinsu.

Ya sami Ubaidullah a falo. Bai zauna ba, bai karɓi shayi ba, ya faɗi saƙon yadda aka ba shi, har da blocking ɗin. Widad da ke bakin ƙofa ta sa gefen mayafi ta rufe baki.

Ubaidullah ya ɗauki wayarsa ya lalubo wani bidiyo, ba na muhawara ba. Wani mutum ne a Gaza, ƙura ta rufe shi fari fat, yana durƙushe a kan ginin da ya rushe, yana cusa baki cikin wani rami yana kiran suna ɗaya, yana sakewa, yana sakewa. Sunan mace ne.

"'Yarsa ce," Ubaidullah ya ce. "Tun da na ga wannan ban yi barcin kirki ba. Ba abin da zan iya yi masa, Dalyop. Ba ni da jirgi, ba ni da kujera, ba ni da ko ƙuri'a. Sai na ga ta Bara'u, na ce ko ita ce. Shi kuma wancan yana gaya mini lissafi." Ya kife wayar a cinya. "Mutum yana da 'ya a raye, tana gilmawa ta gabansa kullum, bai taɓa buɗe baki ya kira ta ba. Wai kunya."

"To me zan ce mata?"

"Kada ka ce komai."

"Za ka zo?"

Ubaidullah ya tashi ya shige ciki. Dalyop ya koma Manchester hannu rabbana, karo na farko ba shi da saƙon da zai wanke.

Ranar Asabar masallacin Old Trafford ya cika bayan azahar. Dangin Nazir sun zo daga Birmingham mota-mota, an jere dabino da alawa da goro a faranti. Mata suna sama, a nasu ɓangaren, inda lasifika ke kai musu duk abin da aka faɗa a ƙasa, kuma amarya tana cikinsu. Dalyop ya cire takalmi ya zauna can baya kusa da ƙofa, inda ya saba zama in ana sha'anin abokansa. Daga nan yana hango Abdulsalam a sahun gaba, ya sha rawani, fuskarsa kamar wanda aka kira shi karɓar sakamakon gwajin jini. Gefensa na dama, wurin waliyyi, ba kowa.

Liman ya yi addu'a. Wakilin ango, wani kawun Nazir, ya gyara murya ya nemi aure. Liman ya duba dama ya duba hagu.

"Ina waliyyin amarya?"

Wani ya yi tari. Dalyop ya sunkuyar da kai yana addu'a da harshensu na gida. Sai ya ji an taka masa yatsa, farar babbar riga ta shafi kunnensa ta wuce. Ubaidullah ya ratsa sahu, mutane suna janye gwiwa, ya je ya zauna a wurin da aka bar masa, bai ko kalli na kusa da shi ba.

"Ga ni," ya ce.

Masallaci ya saki numfashi. Kawun Nazir ya sake neman aure, liman ya miƙa wa Ubaidullah makirfo. Ya karɓa, ya riƙe, bai ce ya bayar ba.

"Malam, ni wakilta ni aka yi," ya ce. "Wanda ya wakilta ni kuwa 'ya'ya mata biyu gare shi, kuma bai taɓa gaya mini da bakinsa sunan wadda zan bayar ba. Kada in ba da wadda ba ita ba." Ya ɗaga murya ya juya baya. "Dalyop! Ka tambaye shi sunanta."

Duk masallacin ya waiwayo ya kalli Kiristan da ke zaune wajen takalma. Abdulsalam ma ya waiwayo, idonsa yana roƙo. Dalyop ya san abin da ake so ya yi. Ya tashi ya je ya sunkuya, Likita ya motsa leɓe, shi kuma ya faɗi sunan da ƙarfi, kowa ya fita kunya. Aikinsa ke nan tun farkon rigimar, kuma ya iya shi. Ya tuna hannun nan mai lallen gwaji yana murza zobe.

"Wannan ba na ɗauka," ya ce daga inda yake zaune. "Ga ka, ga shi."

Ubaidullah ya juya, a karo na farko ya kalli abokinsa ido cikin ido, ya miƙa masa makirfo. Abdulsalam ya karɓa da hannu biyu. Mutumin da ke gaya wa marasa lafiya mugun labari ba tare da muryarsa ta girgiza ba, ya buɗe baki ya rufe. Gumi ya jiƙa gefen rawaninsa. Wani dattijo ya ce a bar shi mana, al'ada ce, liman ya ɗaga masa hannu.

"Haf..." Lasifika ta yi ƙara. "Hafsa. Sunanta Hafsa." Ya tsaya, kamar yana ɗanɗana abin da bai taɓa ci ba, sai ya sake faɗa a hankali, ba don liman ba, ba don kowa a sahun nan ba. "Hafsatu."

"Na bayar," in ji Ubaidullah, yana share ido da hannun riga.

Aka shafa fatiha, aka fara rabon dabino. Ba a yi guɗa ba tukuna. Dalyop da ke kusa da matakalar mata shi kaɗai ya ji abin da ya sauko daga sama kafin hayaniya ta rufe shi: muryar yarinya, tana rawa, da lafazin Manchester, tana amsawa.

"Na'am, Abba."